Yadda Kunne da Ido Suka Raba Aiki a Rubutun Koriya

Kafin ƙarni na 15, mutanen Koriya da haruffan Sin suke rubutu, waɗanda suke kira hanja, alhali kuwa harshensu da na Sinawa ba su haɗa nahawu ba, ba su haɗa lafazi ba. Saboda haka ilimi ya zama gadon 'ya'yan manya masu sukunin shafe shekaru suna haddar dubban alamomi, talaka kuwa ko kuka yake son kaiwa gaban hukuma sai ya nemi mai riƙe masa alƙalami. Wannan hali ne ya sa Sarki Sejong, na huɗu a daular Joseon, wanda ya hau gado a 1418, ya ƙago haruffa 28 a shekarar 1443, aka kuma bayyana su a 1446 cikin littafin Hunminjeongeum, ma'anarsa ingantattun sautuka domin karantar da jama'a.

Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin tajwidi ya ji bayanin mafitar haruffa zai gane hikimar nan take, domin an zana baƙaƙen asali guda biyar ne bisa siffar gaɓoɓin furuci: ㄱ tushen harshe ne ya toshe maƙogwaro, ㄴ harshe ne ya taɓa hanƙa, ㅁ baki, ㅅ haƙori, ㅇ kuma maƙogwaron kansa, idan sauti ya ƙara ƙarfi sai a ƙara masa zane, kamar yadda ㄱ ke komawa ㅋ. Ba a jera haruffan a layi ɗaya, dunƙula su ake yi gaɓa-gaɓa, baƙi da wasali a ɗaki guda. Sharhin wannan hikima ya ɓace wa mutane tsawon zamani, sai a 1940 aka gano kwafinsa a yankin Andong.

Malaman fada ba su yi murna ba. Ɗaya daga cikinsu, Choe Malli, ya kai wa sarki ƙorafi a 1444, rubutun ya daɗe ana raina shi a matsayin na mata da talakawa, kuma sai a 1894 ya shiga takardun gwamnati.

To, a nan ne saɓani kan yadda za a rubuta kalma ya taso, domin harshen Koriya harshe ne da sautuka ke narkewa cikin juna idan suka yi maƙwabtaka. Sunan wata tsohuwar daular Koriya ana rubuta shi sin-ra, amma baki Silla yake cewa, abin da almajiri ba zai rasa tuna idgamin nunun da ya haɗu da lamu ba. Shin a rubuta abin da kunne ya ji, ko a kiyaye tushen kalma? Ƙarnuka da dama akasarin marubuta kunne suka bi, har zuwa lokacin da malamin nahawu Ju Si-gyeong, wanda ya rasu a 1914, ya tsaya kan cewa kowace kalma ta riƙe sura ɗaya ko da lafazinta ya sauya. Almajiransa kuwa, a ƙungiyar nazarin harshen Koriya, suka fitar da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu a 1933, ƙasar tana ƙarƙashin mulkin Japan, wanda daga baya, a 1942, ya kama da yawa daga cikinsu ya tsare.

A ganina hujjarsu mai ƙarfi ce. Kalmomin 낫 da 낮 da 낯, wato lauje da rana da fuska, duk nat ake furta su idan suka tsaya su kaɗai, kuma baƙin ƙarshe ne kawai ke sanar da ido wacce ake nufi. Amma da zarar wasali ya biyo baya sai ɓoyayyen sautin ya bayyana, a ji nasi da naji da nachi. Mai karatu ke nan yana shiga kalma ta ƙofar sauti, tun da haruffa 24 na yau suna faɗa masa lafazi kusan kai tsaye, sa'an nan surar gaɓa ta warware masa shubuhar da kunne ya bari. Yaron Seoul kan iya haɗa baƙi da wasali tun kafin ya shiga firamare, amma shifta, wadda suke kira badasseugi, takan ci gaba da ba shi wahala, domin malama gungmul za ta ce idan tana nufin romo, shi kuwa guk-mul ake so ya rubuta.