Tafki na wa ne?

 

Rigimar da ake yi tsakanin masu kwalekwale da hukumar gari a kan bakin tafki ba yau ta soma ba. Masunta sun ce mashigar gadonsu ce. Hukuma ta ce a nuna takarda. Kowane cikinsu yana tsaye bisa dokar wani zamani, shi ya sa ba su jin maganar juna.

A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ƙasar Damagaram duka ta Sarki ce, amma shi bai shiga ruwa ba. Ya bar wa masu garuruwa da dattawan masunta su faɗi ranar da za a buɗe su, da inda garke zai sha, da inda mai rake zai tsaya da shingensa. Ana kai gaisuwa fada, shi ke nan. Ba a rubuta kome ba, don kowa shaida ne.

Faransawa suka shiga Zinder a 1899, bayan yaƙin Tirmini. A 23 ga Oktoba 1904 aka sa hannu a Faransa bisa wata doka wadda ta ce koguna da tafkuna na ƙasashen da suke mulka a Afirka ta Yamma dukiyar gwamnati ne, ba a sayarwa, ba a gado. Kakanninmu ba su ji labarinta ba, suka ci gaba da jefa taru. Shekara biyu bayan haka, a 1906, aka tuɓe Sarki Amadu ɗan Bassa, aka bar gadon sarauta babu Sarki har 1923. Ke nan mai kare tsohuwar ƙa'ida ya tafi, takarda ta zauna. Ko da muka samu 'yancin kai a 1960 ba a yaga ta ba, suna kurum aka sake mata. Dokar kamun kifi ta 1998 ma bisa wannan hanya ta bi: ruwa na gwamnati ne, mai su ya yanki lasisi.

A ganinmu, abin da ya kawo canji na gaskiya shi ne dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, domin ta yarda haƙƙin da al'ada ta ba mutum haƙƙi ne, in an tabbatar da shi. Ita ta haifi kwamitocin filaye da ake kira Kofo, kuma Mirya tana cikin wuraren da aka fara gwada su a 1994. Sai dai Kofo ba ta ba kowa mallakar tafki. Abin da take iya rubutawa shi ne wa ke amfani da me, daga ina zuwa ina.

Ga tafkin Gidimuni nan, hanyar Gure: masunta, da masu dabino, da masu rake, da makiyaya, duk a baki ɗaya, ga kuma kacalla tana cinye ruwan. Daga 2004 da aka zaɓi majalisun garuruwa, sai ga wani mai riƙe da rasit ya ƙaru. An rusa majalisun a 2024, amma kuɗin da aka saba karɓa ba su tafi tare da su ba.

Dattawan da suka san iyakar mashigarmu sun rage ƙalilan. A taron ƙungiya mai zuwa za mu roƙi a kai su gaban Kofo kafin damina, kuma 'yan ci-rani su taimaka da kuɗin mota.