Shuɗin Alƙur'ani: Mus'hafin da Adonsa Ke Ba da Shaida

A shekara ta 693 bayan Hijira, wajajen 1293 ke nan, an zauna an lissafa littattafan da ke babban masallacin Ƙairawan, garin mai Risala, a ƙasar Tunisiya ta yau. Cikin jerin an ambaci wani mus'hafi mai juzu'i bakwai, rubutun zinare a kan fata mai shuɗi baƙi-baƙi. Masana da yawa na ganin shi ne wanda duniya ke kira Shuɗin Alƙur'ani. Marubucinsa bai bar suna ba, kuma shafin da zai faɗi gari da shekara bai iso gare mu ba. Duk mai son sanin asalinsa dole ya koma ga adon da ke jikinsa ya tambaye shi.

Ba takarda ba ce, fatar tunkiya ce aka kankare, aka miƙe, aka shafe ta da shuni irin wanda marina ke samu daga baba. Faɗin kowace warƙa ya kai kimanin santimita 40, tsayinta 30, kuma kowane shafi layi 15 ne na rubutun Kufi. An yi haruffan da zinare, aka zagaye su da tawada mai duhu don bakinsu ya fito. Babu wasulla, ɗige-ɗigen ma kaɗan ne, don haka sai mahaddaci ke karanta shi cikin sauƙi. Alamomin ƙarshen aya da azurfa aka yi su, amma azurfa ba ta jure iska kamar zinare, shi ya sa yau suka dushe suka yi baƙi. An ƙiyasta cewa asalinsa ya kai warƙa 600. A lissafa tumakin da aka yanka da zinaren da aka kashe, za a gane cewa aikin fada ne.

Amma fadar wa? A nan masana suka rabu. A farkon ƙarni na 20, wani ɗan ƙasar Suwidin mai tara kayan tarihi, F. R. Martin, ya samu wasu warƙoƙi a Istanbul, ya ce an rubuta mus'hafin ne don Mashhad ta ƙasar Farisa bisa umarnin Halifa Ma'amun. Maganar ta daɗe tana yawo kafin Jonathan Bloom, wani masani ɗan Amurka, ya lura da wani abu ƙarami. A gefen ayoyi akwai haruffan abajada da ke nuna adadinsu, kuma harafin sadi ne ke tsaye a matsayin 60. A lissafin Gabas sin ne 60. Sadi a wannan matsayi tsarin Magrib ne, wanda malamanmu suka gada, inda shin ke zama 1000 a ramzin ƙarshen waƙoƙin ajami. Da wannan hujja Bloom ya jingina aikin ga Faɗimiyyawa na Arewacin Afirka a ƙarni na 10. Tim Stanley ya karkata ga Andalus ta Banu Umayya. Alain George kuma ya ce tsarin da ake kira na Magrib tsoho ne, an yi amfani da shi a Gabas tun farko, kuma siffar haruffan ta fi kama da ta zamanin Abbasiyawa na fari. Har yau ba a rufe zancen ba, amma kowane ɓangare daga jikin shafin yake ciro shaidarsa.

Launin ma yana magana. Sarakunan Rumawa sun saba rubuta littattafansu masu daraja da zinare ko azurfa a kan fata mai launin shunayya, launin da suka keɓe wa sarauta. Wasu masana na ganin mai wannan mus'hafi ya san da haka, ya kuma so ya nuna cewa littafin Musulmi bai gaza ba.

A 2024 masu bincike a gidan tarihi na Zayed da ke Abu Dabi suka ɗauki hoton wata warƙa da na'urar da ke ganin abin da ido ba ya gani. A ƙarƙashin wani ado na zinare sai ga ayoyin Suratun Nisa'i a ɓoye. Ana zaton marubucin ya yi kuskure ne, fatar kuma ta fi ƙarfin a jefar, sai ya lulluɓe wurin da zayyana. Fiye da shekara dubu adon yana riƙe da wannan sirri.

Abin takaicin shi ne littafin ya watse. Kimanin warƙa 100 aka san inda suke. Mafi yawansu na gidan tarihi na Raƙƙada kusa da Ƙairawan, sauran kuma suna Dublin, da New York, da Doha, da hannun attajirai, domin an riƙa sayar da su ɗai-ɗai a kasuwar gwanjo. Duk warƙar da aka raba da 'yar'uwarta ta tafi da wani yanki na amsar.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. A gidajen malamai daga Borno zuwa Katsina da Agadas akwai mus'hafan hannu cikin gafaka, da zayyanar rubu'i da alamomin kumsa da kuri. Da yawansu ba su ɗauke da sunan marubuci ko shekara. Launin tawadarsu, da salon zayyanarsu, da tambarin da ke cikin takardarsu su ne za su gaya wa na baya inda aka rubuta su da hanyar da takardar ta biyo. Idan gara ta ci, ko aka zare shafin ado aka sayar wa baƙo, shaidar ta tafi ke nan.