Daga Inuwa zuwa Ɗan Yatsa: Tarihin Ƙirgar Lokacin Aiki

Ya kai mai karatu, in ka ɗauki ɗan ƙodago ya yi maka noman rake a fadamar Junju, da me kake auna aikinsa? Da ido. Ka san ya zo da hantsi, ka san ya tashi da azahar, kuma kuyyoyin da ya nome suna nan kowa na gani. In jinga ce ma ba ruwanka da lokaci. Ya gama, ka biya. Haka kakanninmu suka yi: rana da inuwa da kiran salla su ne agogonsu.

To, yaushe aka fara rubuta zuwan ma'aikaci da tashinsa?

A ƙasarmu, abin ya shigo da Nasara. Zamanin mulkin Faransa, an ɗora wa kowane namiji mai ƙarfi waɗansu kwanaki a shekara na aikin tilas, ba ko tamma. Da shi aka share hanyoyi, aka gina gidajen komandan. Mai gari ya ba da mutane, gardi ya kora su. A wurin aiki akwai wani mai littafi. Da safe ya kira suna, wanda ya amsa ya yi masa alama. A Najeriya ana kiran mai wannan aiki tankifa.

Tsaya ka dubi ƙarfin mutumen nan. Bai ɗauki galma ba, bai ɗauki kwando ba, amma kwanakinka suna bakin alƙalaminsa. In ya ce ba ka zo ba, to ba ka zo ba. Da me za ka yi gardama, alhali ba ka iya karanta abin da ya rubuta? Ko bayan da aka hana aikin tilas, ranar 11 ga Afrilu 1946, da dokar da ake kira da sunan Houphouët-Boigny, littafin bai tafi ba. Sai ma ya ƙara daraja, don yanzu kowace alama kuɗi ce. A 1952 aka yi dokar aiki ta ƙasashen da Faransa ke mulka, ta yanke awa 40 a mako. Ka ga ke nan ba kwana kaɗai ake ƙirgawa ba, har awa.

Can Amurka kuwa, tuni masu masana'antu sun gaji da mai littafi, don shi ma mutum ne: yana da aboki, yana da maƙiyi. A 1888 wani mai gyaran agogo, Willard Bundy, ya ƙera agogo mai buga lokaci a takarda. Kowane ma'aikaci da mabuɗinsa mai lamba. Ya sa mabuɗi, agogo ya buga lambarsa da lokacin da ya shigo. Daga baya aka koma ga kati. Kamfanin masu agogon nan yana cikin waɗanda suka haɗu a 1911, kuma a 1924 haɗakar ta ɗauki sunan IBM, wadda ta yi suna wajen ƙera kwamfuta.

Amma ɗan Adam ba ya rasa dabara. Wanda ya makara sai ya ba abokinsa kati ya buga masa. Agogo ya san kati, bai san fuska ba.

Mu nan, littafin sa hannu muka daɗe da shi a ofisoshi. Tsofaffin ma'aikatan Yamai har yau suna ba da labarin Seyni Kountché, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987, yadda yakan faɗo ma'aikata da sassafe ba sanarwa, ya ga kujerar wa ke wofi. Wannan tsoro ne, kuma tsoro yakan bi mai shi kabari.

Yanzu an zo ga ɗan yatsa. Allah bai yi mutum biyu da zanen yatsa iri ɗaya ba. Ana kafa ƙaramar na'ura a bakin ƙofa, ma'aikaci ya ɗora yatsa, ta gane shi, ta ajiye lokacin cikin kwamfuta. Ba a aron yatsa. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ga amfanin irin wannan bincike: a 2016 gwamnatinsu ta gwada sunayen masu albashi da lambar banki mai haɗe da zanen yatsa, ta cire suna 23,846 na ma'aikatan bogi. Wani abu yana ba ni dariya a nan. Ɗalibaina da yawa sun ce mini kunyar dangwala yatsa a takarda ce ta kawo su aji. Ga shi yau babban darakta ma dangwalawa yake yi.

Ni dai ina ganin na'urar ta fi tankifa gaskiya, amma ba ta kai idon manomi ba. Ta san ƙarfe nawa mutum ya shigo. Ba ta san ko ya duba marar lafiyar da ke kwance a baranda ba. Kuma wuta take ci. Ran da aka ɗauke wuta, sai a jawo tsohon littafi daga aljihun tebur, a miƙa wa wani ya riƙe.

Saboda haka in ɗanka zai tafi cin rani, Kwatano ko Sakkwato ko Yamai, ya samu aikin da ake biya da kwana, saya masa ƙaramin littafi da alƙalami a kasuwa. Kowace yamma ya rubuta ranar, da lokacin da ya shiga, da lokacin da ya tashi. Ran biya ya tafi da shi cikin aljihu.