Zanen Kwamfuta: Asalinsa da Alaƙarsa da Aikin Surfani

Zanen kwamfuta shi ne zanen da na'ura ke fitarwa ta hanyar bin ƙa'idojin lissafi da mutum ya rubuta mata. A Nijeriya an fi cin karo da shi a wuyan riga, wato surfanin da teloli ke kira "aikin kwamfuta", wanda ya cika kasuwanni daga Kantin Kwari a Kano har zuwa Kasuwar Oil Mill ta Fatakwal, mai ci kowace Laraba.

Tushen fasahar yana cikin saƙa. A 1804 Joseph Marie Jacquard na Faransa ya ƙera masaƙa mai bin umarnin katuna masu huji, kowane huji yana nuna zaren da za a ɗaga. Wannan dabara ce Charles Babbage na Ingila ya ara domin na'urar lissafin da ya tsara, wadda ake ɗauka a matsayin kakar kwamfuta.

A 1965 aka fara baje kolin zanen kwamfuta ga jama'a: Georg Nees da Frieder Nake a Stuttgart ta Jamus, sai A. Michael Noll a New York. Dukansu masana lissafi ne ko injiniyoyi. Sukan rubuta umarni, na'ura ta zana layuka da murabba'ai. Noll ya taɓa nuna wa mutum 100 zanen kwamfuta tare da na shahararren mai zane Piet Mondrian. 28 kaɗai suka gane na na'ura, 59 kuma suka fi son sa. A 1968 wani baje koli a Landan ya haɗa masu zane, mawaƙa da masana kimiyya wuri guda.

Surfanin Hausa ma bisa ƙa'ida yake tafiya. Zane irin aska takwas ko dagi ya ginu ne kan maimaici da daidaito, shi ya sa na'ura ke iya kwaikwayonsa. Babbar rigar da mai aikin hannu a Zariya zai shafe makonni ko watanni a kanta, na'ura kan gama makamanciyarta cikin sa'o'i, kuma da araha. Wannan ya rage wa masu allura ciniki, duk da cewa aikin hannu bai rasa darajarsa a wajen sarakuna da masu hali ba. Na'ura dai abin da aka tsara mata take ɗinkawa. Idan masu ƙirƙiro zanen suka ƙare, ba ta da sabon abin kwaikwayo.