Daga Ijaza Zuwa Takardar Digiri

A Sabon Ibadan da Agege na sha jin ana cewa ilimin addini ba ya bukatar hatimin hukuma, wai tantance makaranta fitinar 'yan boko ce. Ni kam ban yarda ba, kuma tarihinmu ne hujjata.

Tun kafin zuwan Turawa, malamanmu ba sa sallama wa mutum sai sun ji wurin wa ya yi karatu. Ijaza ke nan: malami ya rubuta cewa wane ya karanta littafi kaza a gabansa, shi ma ya karɓa daga wane, har a dangana da mawallafi. Shehu Usmanu ya karɓi ijaza daga Malam Jibrilu ɗan Umar. Ƙanensa Abdullahi kuwa littafi sukutum ya rubuta, Ida'un Nusukh, yana lissafa malamansa. To in wannan ba tantancewa ba ce, mece ce?

Da zamani ya juya, hukuma ta shigo. A 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano da malamai daga Sudan, wadda a 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci, wato SAS. Takardarta karɓaɓɓiya ce, shi ya sa ɗalibanta suka riƙe kotuna da makarantu. Can Malam Abubakar Gumi ya yi karatu, a 1962 ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa. Ita kuwa hukumar jarrabawar Larabci, NBAIS, da aka kafa tun zamanin Sardauna, sai a 2011 aka amince da ita a matsayin ta ƙasa baki ɗaya. Ku dubi wannan jira!

Abin da ke damuna shi ne yaranmu. Uba ya sayar da shanu ya biya wata kwaleji mai suna da Larabci, yaro ya shekara huɗu, a ƙarshe NYSC ta ce ba ta san takardar ba, domin makarantar ba ta ƙarƙashin wata jami'ar da NUC ta tantance. Wasu kuma Kwatano suke tsallakawa, tunda Seme ba nisa. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo nasa a Kwatano cikin mako shida, har aka tura shi bautar ƙasa da shi.