Amane, Ɗan Kifin Gaɓar Ghana

Tun ina ƙarama a Nima na san ƙamshin amane. Bai fi tafin hannu ba, amma daga Yuli zuwa Satumba, in teku ta yi sanyi, a da shi ke cika kwale-kwalen masuntan Accra da Elmina maƙil. A 1969 masana suka haɗa kai da matan unguwar Chorkor, aka ƙera murhun banda mai farantan raga jere bisa juna: itace kaɗan, kifi tuli, ya yi jawur kamar an shafa manja. Shi Inna ke dakawa a yajin shito. An yi kamu mai albarka a 1972, a 1973 kifin ya yi ɓatan dabo. Ya dawo, amma yana ta raguwa, har a 2019 gwamnati ta hana masunta fita wata guda cur.