Waiwaye kan Jerin Zaɓin Linux: Yadda Aka Raba Tambaya da Allon da Ke Nuna Ta

Duk wanda ya taɓa gina zuciyar Linux da hannunsa ya san shuɗin allon nan. Da ya rubuta make menuconfig, sai akwati ya bayyana ɗauke da jerin zaɓi, yana hawa yana sauka da maɓallan kibiya, ya kunna wannan ya kashe wancan. Amma ko layi ɗaya na waɗannan zaɓuɓɓuka ba ya cikin manhajar da ke zana allon. Duk suna zaune ne a fayilolin rubutu zalla masu suna Kconfig, ita manhajar karantawa kawai take yi ta jera. Sai da aka shafe fiye da shekara goma ana faɗi-tashi kafin a kai ga wannan tsari.

Tushen abin ya girmi Linux. A ƙarshen shekarun 1970 kowane kamfani da irin allon rubutun da yake ƙerawa, kuma umarnin da zai goge allon wani ba zai goge na wani ba. A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Bill Joy ya tattara halayen waɗannan alluna a fayil ɗin rubutu guda mai suna termcap, a 1978, don manhajarsa ta vi ta yi aiki a kan kowanne. Ken Arnold ya ɗora curses a kai, wadda ta ba mai rubuta manhaja damar zana akwati da layi ba tare da ya damu da irin allon da ke gabansa ba. Tun nan aka ga amfanin dabarar: a fitar da abin da ke sauyawa daga cikin manhaja, a ajiye shi inda kowa zai iya karantawa ya gyara.

Linus Torvalds ya fitar da Linux a 1991, yana ɗalibi a Helsinki. Da ta fara girma, dole mai gina ta ya faɗi abin da injinsa ke da shi: wane katin sadarwa, wane faifai, wane tsarin ajiyar fayil. Hanyar farko ita ce make config. Za a jefo maka tambaya, ka amsa, a jefo ta gaba, har a ƙare. Ba komawa baya. Wanda ya saba tura kuɗi ta lambar banki a ƙaramar waya ya san ɗacin wannan: ka danna lamba ba daidai ba a mataki na shida, sai ka katse ka sake daga farko. Lokacin da tambayoyin ba su da yawa ana jurewa. Da suka kai ɗaruruwa, abin ya zama azaba.

Sauƙi ya zo ta hannun Savio Lam, wanda ya rubuta dialog wajen 1994, ƙaramar manhajar da ke zana akwatunan tambaya a allon rubutu. Slackware ta yi amfani da ita wajen girka tsarinta. William Roadcap ya ɗauki wani ɓangare nata ya gina menuconfig, wadda ta shiga Linux kafin fitowar siga ta 2.0 a 1996. A wannan zamanin ne kuma xconfig ta zo don masu son taga da linzami. Yanzu mutum na iya shiga reshe ya fito, ya sake shawara. Wasu zaɓuɓɓukan kuwa kowannensu na iya tsayawa a ɗayan matsayi uku: a gina shi cikin zuciyar, a bar shi ɓangaren da za a ɗora in buƙata ta taso, ko a watsar da shi.

A ƙarƙashin wannan sauƙin akwai ɓaraka. Fayilolin tambayoyin na lokacin, Config.in, an rubuta su da wani salo mai kama da umarnin shell, kuma manhajoji uku ne ke karanta su, kowacce da fahimtarta. Layin da ɗaya ta amince da shi, wata sai ta tsallake shi ko ta tsaya cik. Bayanin da ke taimaka wa mai zaɓi yana can a wani katafaren fayil daban, Configure.help, don haka mutum kan ƙara zaɓi ya manta da bayaninsa. Mafi muni, ana iya amsa tambayoyin duka a samu haɗin da ba zai ginu ba, domin an kunna abu an kashe wanda ya dogara a kansa.

Eric Raymond ya tashi tsaye a 2000 da sabon harshe, CML2. A takarda ya fi tsohon nesa ba kusa ba, don yana iya bin ƙa'idojin dogaro ya hana haɗin da ba zai yiwu ba. Amma da Python aka rubuta shi, wanda ke nufin duk mai gina Linux sai ya ƙara girka wani abu, sannan ya sauya salon rubutu da halayen da mutane suka saba da su. An kwashe kusan shekara biyu ana cacar baki, daga ƙarshe ba a karɓe shi ba. A ganina aikin ba shi da laifi ta fuskar fasaha. Abin da ya kayar da shi shi ne ya nemi ɗaruruwan mutanen da ke riƙe da sassan Linux su sauya hannu rana ɗaya.

Roman Zippel ya bi ta wata hanya. Da harshen C ya rubuta nasa, manhaja guda ɗaya tak mai karanta fayilolin, sauran duk fuskoki ne da ke zaune a kanta. An shigar da shi a siga ta 2.5.45 a Oktoban 2002. Kowane zaɓi ya samu gidansa a wuri ɗaya: kalmar config ta ba shi suna, bool ko tristate ta faɗi matsayi biyu yake da su ko uku, depends on ta faɗi abin da yake jingine da shi, help kuma ta ɗauki bayaninsa a ƙasa. Wanda ya rubuta direban wata na'ura ya ƙara layi kaɗan a fayil ɗin Kconfig na sashensa, shi ke nan, zaɓinsa ya fito a kowace fuska, kuma ba zai fito ba sai an kunna abin da yake buƙata. Amsoshin su ma rubutu ne zalla a fayil mai suna .config, wanda za ka iya tura wa abokin aiki ya gina irin abin da ka gina. Raba tambaya da fuska ne ya sa da aka ƙaro fuskar nconfig a 2010 ba a sake rubuta tambayoyin ba.

Ba a rasa tabo ba. Kalmar select tana tilasta kunna wani zaɓi ba tare da duba abin da shi kansa yake buƙata ba, kuma har yau tana haifar da matsala, takardun Linux da kansu suna gargaɗi a kanta. Duk da haka tsarin ya ɗauki nauyin zaɓuɓɓukan da suka haura 10,000 bai durƙushe ba.

Daga nan ya bazu. BusyBox da Buildroot da OpenWrt da coreboot sun ɗauke shi, U-Boot ta koma kansa a 2014, Zephyr ma da shi take aiki. Ɗalibin da ya sayi ƙaramin allon ESP32 don aikin kammala karatu, in ya yi amfani da ESP-IDF, irin wannan jerin zaɓin zai tarar.

Ga matasanmu masu rubuta ƙananan manhajojin allon rubutu, waɗanda ke cusa kowane zaɓi a tsakiyar umarni har gyaran kalma ɗaya ya zama aikin yini, ina ba da shawara su sauko da tushen Linux, kyauta ne, su buɗe fayil ɗin Kconfig da ke cikin drivers/usb su karanta shi a tsanake kafin su rubuta jerin zaɓinsu na gaba.